Kawuna 108 na yumɓu: Yadda ake gina fuskar da ta haɗiye kuka

A ranar 30 ga watan Satumban 2022, ɗalibai 108 masu karatun fasaha suka zauna a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kowanne da ɗanyen kan yumɓu a gabansa. Hotunan da suke duba suna aiki na ɗaliban Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Chibok ne, daga cikin 276 da mayaƙan Boko Haram suka kwashe a daren 14 ga Afrilun 2014. Wuni guda aka ba su, kowa ya mayar da kan da ke gabansa fuskar yarinya ɗaya da ba ta dawo gida ba. Wasu daga cikin iyaye mata suna wurin, haka ma wasu 'yan matan da suka kuɓuta daga hannun mayaƙan.

A watan Nuwamban shekarar aka baje kawunan, bayan an gasa su, a zauren Art Twenty One da ke Legas. Sunan aikin Statues Also Breathe, wato mutum-mutumi ma yana numfashi. Wata mai fasahar gina siffofi 'yar ƙasar Faransa, Prune Nourry, ita ta jagoranta tare da sashen koyar da fasahar zane da ƙira na jami'ar.

Rahotannin da aka yi a lokacin sun fi tsayawa a kan adadi da ranar buɗe baje kolin. Abin da ba a cika bayani a kansa ba shi ne aikin kansa: ta yaya mutum zai sa laka ta nuna ciwon da mai shi yake ɓoyewa? Gina fuskar da ke kururuwa ba wuya, ɗalibin shekarar farko ma zai iya. Fuskar da ta danne kuka ita ce ke ba gwanaye wahala, kuma dalilin hakan ya shafi tsokar fuska, da halin yumɓu, da wuta.

Asarar da ba a yi mata zaman makoki

Cikin 'yan matan 276, 57 sun tsere tun a kwanakin farko, wasunsu ta hanyar dirowa daga motocin da ake tafiya da su. An sako 21 a watan Oktoban 2016, sai 82 a Mayun 2017, wasu kuma suka riƙa fitowa ɗaiɗai. Adadin 108 shi ne wanda ake lissafin ya rage a lokacin da aka tsara aikin. Zuwa cikar shekara goma da sace su, a 2024, sama da 80 ba su dawo ba, kuma iyaye da dama sun rasu suna jira.

Wanda aka yi wa rasuwa yana da turba a gabansa. A yi wa mamaci sutura, a sallace shi ko a kai shi coci, a binne, a zauna karɓar gaisuwa. Mace ta shiga takaba ta fita. Jama'a sun tanadi abin da ake faɗa: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai. Uwar da 'yarta ta ɓace ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a yi mata ta'aziyya tunda ba a ce an mutu ba. In ta yi kuka irin na mutuwa sai ta ji kamar ta yanke ƙauna daga rahamar Allah, in ta saki jiki ta ci ta sha sai ta ji kamar ta manta. Wata mai bincike a kan zaman iyali 'yar Amurka, Pauline Boss, ta fara nazarin wannan hali tun shekarun 1970, ta kuma ware shi a matsayin asara mai zaman kanta, wadda ba ta da tabbas balle ta yi ƙarshe.

Ba mutanen Chibok kaɗai ke cikinta ba. A 2022, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce tana da rajistar mutum kimanin 25,000 da suka ɓace a Najeriya, adadi mafi yawa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da aka rasa su.

Mutanen Chibok Kibaku ne, da harshensu da al'adunsu, amma mai karatun Hausa ba ya buƙatar a fassara masa irin shirun da ke biyo bayan wannan asara. An rene mu a kan kawaici da dauriya, an ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu 'yan jarida mun san fuskar sarai. Ka kunna rikoda, ka tambayi uwa halin da take ciki, ta ce mun gode Allah, ta dubi ƙasa, ta gyara bakin mayafi. Kalma uku za ka rubuta. Sauran maganar tana kafaɗarta da yatsun hannunta, kuma rikoda ba ta ɗaukar wannan.

Prune Nourry, wadda aka haifa a birnin Paris a 1985, ba wannan ne karonta na farko da adadin 108 ba. Tsakanin 2012 da 2013 ta yi aiki da magina a birnin Xi'an na ƙasar Sin, inda aka gina 'yan mata 108 na gasasshen yumɓu masu tsayin mutum, bisa kamannin wasu marayu mata takwas, don jan hankali kan fifita haihuwar maza da ya rage yawan mata a ƙasar. An binne su a 2015 da niyyar a tono su a 2030. A 2016 likitoci suka gano tana da kansar mama, aka yi mata tiyata aka cire. Daga nan aikinta ya juya ga jikinta: ta gina wata katafariyar jaruma mace a New York a 2018, ta kuma yi fim a kan jinyarta. Wato ta shigo batun Chibok ne da sanin yadda mutum ke yawo cikin jama'a da tabon da riga ta rufe.

Hanyar da ta bi a Najeriya kusan irin ta Sin ce. Ta gana da iyalan 'yan matan, suka ba ta hotuna, ta gina kawuna takwas. Daga waɗannan takwas aka yi mazubi, aka fitar da kawuna 108 da yumɓun da aka haƙo a yankin Ile-Ife. Mata magina tukwane daga Ilori, garin da matan unguwar Dada suka yi suna a wannan sana'a, da ɗaliban jami'ar ne suka yi wannan zubin.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Karin maganar gaskiya ce, sai dai ba ko'ina a fuska ake tambaya ba. A 1862 wani likita ɗan Faransa, Duchenne de Boulogne, ya wallafa binciken da ya yi ta hanyar taɓa tsokokin fuskar mutane da lantarki kaɗan yana ɗaukar hoto. Ya nuna cewa murmushin baki kowa na iya ƙirƙiro shi, amma tsokar da ta kewaye ido, wadda ke tattare fatar gefensa idan mutum ya yi farin ciki na gaske, ba ta cika bin umarni ba. Shi ya sa ake gane murmushin yaƙe: leɓe ya buɗe, ido bai taya shi ba. Likitan har ya soki wani sanannen mutum-mutumin dutse na zamanin da, Laocoön, wanda aka tono a Rum a 1506, mai nuna wani mutum da 'ya'yansa macizai sun nannaɗe su. Ya ce layukan da aka ja daga wannan gefen goshin zuwa wancan ba za su taɓa haɗuwa da irin girar da aka yi masa a fuskar mai rai ba. Masassaƙin ya ƙara gishiri don azabar ta fito.

Bayan shekara goma, a 1872, masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya yi bayanin da ya fi amfanar mai gini. Ya lura cewa idan mutum yana cikin baƙin ciki, bakin girarsa na kusa da hanci yana ɗagawa sama, ya bar gajerun layuka a tsakiyar goshi kawai, gefen baki kuma ya ɗan sauka. A fahimtarsa, wannan sura kokawa ce tsakanin tsokokin da ke son runtse ido don a fashe da kuka da tsokar goshi da ke hana su. Ashe alamar da muke kira ta baƙin ciki alamar danne kuka ce tun asali. Ya kuma lura mutane kaɗan ne ke iya yin ta da gangan.

A kan yumɓu duk wannan bai wuce motsin milimita biyu ko uku ba. Magini zai ɗaga bakin gira da ɗan tsinke, ya matse leɓen ƙasa a jikin na sama, ya ƙara ɗan tudu a gefen muƙamuƙi inda tsoka ke tashi idan an cije haƙora. Ba ya daidaita ɓangarorin fuska biyu, domin fuskar da ta yi daidai wa daida takan fito kamar ta gawa ko ta 'yar tsana. Sau da yawa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da natsuwa, ɗayan kuma ya tona asiri. Wuya ma yana magana. Kan da ya ɗan sunkuya ya karkata gefe dabam yake da wanda ya miƙe tsaye jijiyoyi a ɗaure, ko da fuskar iri ɗaya ce.

Ido ya fi komai wuya, saboda yumɓu ba shi da fari da baƙi. Da inuwa ake yin ƙwayar ido: a huda rami, zurfinsa ya ba da duhu. In ramin ya yi zurfi, kallon ya yi kaifi kamar ana tuhumarka. In an bar idon a shafe ba huda, sai mutum-mutumin ya zama kamar yana duban wani abu a cikin ransa. In kuma aka sa idanun biyu suna kallon nesa, ba su haɗu a kan wanda ke tsaye a gabansu ba, sai a sami kallon nan na mutumin da ke zaune da kai amma hankalinsa yana wani gari. Sannan dole magini ya riƙa juya aikinsa a haske daban-daban, domin fitilar da ke sama tana zurfafa ramin ido ta tsufar da fuska, wadda ke gaba kuwa tana shafe duk ɗan aikin da aka yi wa gira.

Babban haɗarin shi ne wuce gona da iri. Da zarar an zubo hawaye an wage baki, mai kallo ya gama karanta fuskar a daƙiƙa ɗaya ya wuce. Fuskar da ta riƙe abinta tana tsayar da shi, ya matso, ya ja baya, ya fara cike giɓin da abin da ke ransa. Ya kamata a ƙara da cewa masana halayyar ɗan'adam da dama a yau suna jayayya da ra'ayin cewa kowace fuska ana karanta ta iri ɗaya a kowace al'umma. Sunkuyar da kai da wani baƙo zai ɗauka karaya ce, a nan ladabi ne. Magini da bai san mutanen da yake ginawa ba yana iya sa musu baƙin cikin da ba nasu ba.

A kawunan Chibok akwai wani abin kuma. Hoton da iyaye ke ajiyewa yawanci na ranar daɗi ne, ko na makaranta, wanda aka ɗauka kafin komai ya faru. Hoton da duniya ta fi sanin 'yan matan da shi kuwa na bidiyon da mayaƙan suka fitar ne a Mayun 2014, suna zaune a daji cikin dogayen hijabai masu duhu, ba a bambanta wannan da waccan. Aikin Ile-Ife ya koma ga hoton iyaye. Saboda haka ciwon bai zauna a tsokar fuskokin ba. Yana wurin mai kallo, wanda ya san abin da yarinyar cikin hoton ba ta sani ba tukuna. Yawan ma yana nasa aikin: kai ɗaya hoto ne, 108 a jere kuwa ajujuwa ne da aka wayi gari babu kowa a cikinsu. A ganina nan ne dabarar mazubi takwas ta yi rana. Tushen ya sa sun yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, hannun ɗalibai 108 kuma ya raba su.

Daga laka zuwa matoya

Duk wannan ƙwarewa banza ce in kan ya fashe a wuta, kuma yana fashewa. Yumɓu ba a gina shi yadda aka haƙo shi. Ana jiƙa shi, a tsince duwatsu da saiwoyi, a gauraya shi da yashi ko dakakken tsingaro, sannan a kirɓa shi sosai har ya zama jiki ɗaya. Tsingaron ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yana rage tsagewa yana kuma buɗe ƙananan kafofin da danshi zai bi ya fita. Matan da ke ginin tulu da randa a ƙauyukanmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Kan mutum ba a barinsa curi guda. Ko dai a gina shi da rami a ciki tun farko, ana ɗora igiyoyin laka ɗaya bisa ɗaya kamar ginin tukunya, ko a gina shi a cike, in ya fara tauri a yanka ƙeya da zare, a kwashe cikin, a bar bango mai kaurin ɗan yatsa ko biyu, sannan a mayar a liƙe da kunun yumɓu. In da mazubi ake aiki, ana danna faifan laka a cikin ɓangarorinsa, filastar ta tsotse ruwan, a haɗa ɓangarorin, a cire. Ko ta wace hanya, dole bangon ya zama kusan kauri ɗaya ko'ina, kuma a bar kafar da iska za ta fita, yawanci ta ƙasan wuya.

Akwai ɗan lokaci da yumɓu ke kaiwa taurin fata, bai bushe ba bai kuma yi laushin da zai lotse ba. A nan ake yin aikin gira da leɓe da kitso. In ya wuce, tsinke sai dai ya kankare. Shi ya sa ake lulluɓe aiki da leda da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya sa kuma taron wuni guda na mutum 108 yake buƙatar a ce duk kawunan sun kai wannan mataki a rana ɗaya.

Bushewa ita ce jarrabawar haƙuri. Yumɓu yana tsukewa in ruwa ya fita, daga ɗanye zuwa gasasshe yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Hanci da kunne da leɓe sirara ne, suna riga kumatu bushewa, in aka gaggauta sai su ja su tsage. Ana shanya a inuwa, a hankali, kwanaki ko makonni, musamman da iskar hunturu.

Sai wuta. A digiri 100 na ma'aunin Salsiyos duk ruwan da ya rage yana zama tururi, in bai sami hanya ba ya tarwatsa kan, wani lokaci har ya ɓata na kusa da shi. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a cikin sinadarin yumɓun yake fita, daga nan kuma ba komawa: abin da aka gina ba zai sake narkewa ya koma laka ba ko ya shekara a ruwa. A digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke ciki suna kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa a daidai wannan mataki lokacin hucewa, don haka nan ma ba a gaggawa. Jan yumɓu irin namu yana nuna a wajen digiri 900 zuwa 1,100 a matoyar zamani. Gashin fili na gargajiya, da itace da ciyawa, bai cika kaiwa nan ba, kuma yakan bar baƙaƙen tabo inda hayaƙi ya kwanta. Wasu magina na gudun tabon da tsagar, wasu kuwa da gangan suke barinsu a fuska.

Ba yau aka fara ba

Wanda ya ɗauka sa ciwo a cikin yumɓu baƙon abu ne da aka kawo daga Turai bai duba tarihin ƙasar nan ba. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da gasasshen yumɓu mai siffa a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa irin waɗannan kawuna na al'umma ɗaya ce ta zamanin da, kuma binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005 ya nuna an soma gina su tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa. Maginan Nok suna huda ƙwayar ido da hanci da baki da kunne, abin da ke ba fuskar rai yake kuma ba tururi hanya. Cikin abin da suka bari akwai siffofin marasa lafiya, masu tundurmi da masu shanyewar ɓarin fuska.

Kawunan Ife, na yumɓu da na tagulla, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 15, su ne aikin Chibok ya yi koyi da su kai tsaye. An san su da natsuwa: leɓe a rufe, ido a kwance, siraran layuka daga goshi zuwa haɓa. Amma a cikin kayan Ife ɗin akwai kuma kawunan mutanen da aka ɗaure wa baki da igiya. Masu ginin sun san azaba, sun kuma san yadda ake nuna ta in sun ga dama.

Misalin da ya fi kusa da batunmu yana kan iyakar Gombe da Adamawa. A al'adar gargajiya ta mutanen Cham da Mwana da Longuda, akan gina wa marar lafiya ƙaramar tukunya mai kan mutum, a yi wa jikinta alamun cutar da ke damunsa, da imanin cewa cutar za ta bar jikinsa ta koma cikinta. In ya warke sai a kai ta nesa a yar. Wata mai bincike 'yar Amurka, Marla Berns, ta yi nazarin waɗannan tukwane, an kuma nuna wasu a gidan adana kayan tarihi na Fowler da ke Los Angeles a 2011. Ko mutum bai yarda da imanin ba, tunanin a fili yake: abin da ke cin ka a ciki, in ya sami siffa a waje, ka iya dubansa, ka iya nuna wa wani.

Batun gunki

Ba za a yi wannan magana da Hausa a tsallake tambayar da ke zuciyar mai karatu Musulmi ba. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura abu mai rai, kuma mafi yawan malamai sun haramta gina cikakken mutum-mutumin mutum ko dabba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a yankinmu, an bambanta surar da ke da inuwa da wadda aka zana a takarda ko bango, an yi magana a kan surar da ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, an kuma sassauta kan 'yar tsanar yara. Kai shi kaɗai ba gangar jiki, malamai sun saɓa a kansa, wasu na ganin ai kan ne ainihin surar. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, mai neman hukunci ya tambayi malaminsa.

Abin da za a iya faɗa shi ne tasirin hakan a aikace. Fasahar ƙasar Hausa ta fi karkata ga zayyana, da adon bango, da ɗinkin riga, da sassaƙar ƙwarya. Duk da haka ana koyar da gina siffofi a sashen fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, har da lambun da ake jera ayyukan ɗalibai. Kuma wanda ba zai gina fuska ba hanya ba ta toshe masa ba. Doris Salcedo ta ƙasar Kolombiya ta yi wa mutanen da suka ɓace a ƙasarta aiki da takalmansu da kujeru, ba fuska ko ɗaya. Harshenmu ma ya daɗe da mayar da tukunya jiki: tana da baki, da wuya, da ciki, da gindi. Ƙasar da ta sa hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya a bayan takardar naira 20 ba ta rasa magina da za su iya sa tulu ya faɗi abin da uwa ta kasa faɗa.

Baƙin cikin na wa ne?

Sunan aikin martani ne ga wani fim na Faransa na 1953, wanda Alain Resnais da Chris Marker suka yi, mai cewa mutum-mutumi ma yana mutuwa. Fim ɗin ya soki yadda mulkin mallaka ya kwashe kayan fasahar Afirka ya kulle a akwatunan gilashi, abin da ya sa hukumomin Faransa suka hana nuna shi cikakke na tsawon shekaru. Wanda ya zaɓi wannan suna ya san tambayar da za a yi masa, don haka ba rashin adalci ba ne a yi ta.

Akwai abin yabo. An nemi iyalai tun farko, yumɓun na nan ne, hannayen da suka yi yawancin aikin na 'yan ƙasa ne. Sai dai sunan da ya zagaya duniya na mutum ɗaya ne, matan da suka yi zubin kuwa yawancin rahotanni sun taƙaita su da "matan Ilori". An yi baje kolin a Legas, nesa ƙwarai da Chibok, a gaban masu kallon da galibinsu ba su taɓa taka kudancin Borno ba. Kuma Chibok ce ta sami wannan kulawa saboda sunanta ya riga ya yi tambari. 'Yan matan Dapchi 110 da aka sace a Fabrairun 2018, da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, yawancinsu sun dawo gida da abin da suka gani, aka yi musu barka da arziki, aka rufe maganar.

Kada kuma a ɗora wa yumɓu abin da ba zai iya ba. Taɓa laka yana kwantar wa wasu hankali, ana ma amfani da ita a wasu wuraren jinya don mutumin da ya kasa magana ya sami abin nunawa. Amma ba ta maye gurbin likita, balle ta dawo da wanda ya ɓace. Sai a Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200.

Masu shirya aikin sun ce kawunan za su zagaya ƙasashe sannan su zauna a wani gidan adana kayan tarihi a Afirka. Tun kafin a buɗe baje kolin Legas sojoji sun ceto wasu daga cikin 'yan matan a 2022, da dama ɗauke da 'ya'yan da suka haifa a daji, an kuma sami wasu bayan nan. Ke nan cikin kawunan 108 akwai waɗanda masu su suna raye a gida yanzu, sun girmi fuskar da aka gasa da fiye da shekara goma.